Kunun Ot Mai Kirfa

A ƙasashen arewa masu sanyi, inda ƙanƙara ta kan rufe gonaki wata da watanni, akwai wani irin hatsi da a ke kira ot. Bai yi kama da gero ba, bai kuwa yi kama da dawa ba. Tsawon karansa bai cika wuce ƙugun babban mutum ba, ganyensa siriri ne kamar na alkama, kansa kuwa a warwatse ya ke, 'ya'yan suna reto kamar na shinkafa. Da wannan hatsi ne mutanen Sikotlan, da na Ingila, da na Amurka, da na waɗansu ƙasashe da yawa su ke yin kunun da su ke karya kumallo da shi. Waɗansu su kan sha shi da gishiri kaɗai. Waɗansu kuwa sai sun zuba masa madara, da sukari, da garin kirfa.

Ot yana son sanyi-sanyi da ruwan sama a kai a kai, ba ya kuwa ƙin ƙasa marar ƙarfi. Inda damina ta ke da gajimare kullum, rana ba ta isa ta nunar da alkama ba, nan shi ya ke jin daɗi. Zafi ne ba ya so. In zafi ya same shi sa'ad da ya ke fid da kai, sai a sami ƙaiƙayi da yawa, tsaba kaɗan. Shi ya sa ba a ganinsa a gonakin Kano ko na Damagaram. Kanada da Rasha su ne kan gaba wajen nomansa, galibin abin da a ke nomawa a duniya kuwa dabbobi ne ke ci.

Masana sun ce da fari ot ciyawa ce kurum mai bin gonakin alkama da sha'ir, manoma suna cire ta suna zubarwa. Da mutane suka yi ta ƙaura da irin shukarsu zuwa arewacin Turai, sai alkama ta yi ta raguwa saboda sanyi, ciyawar kuwa ta yi ta ƙara ƙarfi. Daga bisani suka ga ashe abin da su ke zubarwa shi ya fi yi a ƙasarsu, suka soma shuka shi da gangan. Wannan ya kai wajen shekara 3,000. Duk da haka ya daɗe bai sami daraja ba. Rumawa sun ɗauke shi abincin dabba, har wani malaminsu mai suna Filini, wanda ya mutu a shekara ta 79, ya rubuta cewa kabilun ƙasar Jamus suna shuka shi, suna kuwa rayuwa da kununsa. A 1755 wani Baturen Ingila mai suna Samuel Johnson ya buga babban ƙamus na Turanci. Da ya zo kan sunan wannan hatsi bai iya haƙuri ba, sai da ya saka ba'a a ciki, ya nuna abincin dawakin Ingila shi ne abincin mutanen Sikotlan. Irin tsokanar da ke tsakanin Fulani da Barebari ke nan, sai dai wannan ta shiga littafi.

Mutanen Sikotlan ba su ji kunyar abincinsu ba. Ƙasarsu ta duwatsu ce da ruwan sama, ot kuwa shi ya riƙe talakawanta ɗaruruwan shekaru. A zamanin da, ɗalibin da zai tafi jami'a ya kan ɗauki buhun garin ot daga gidan ubansa, shi ne guzurinsa, shi zai yi ta damawa safe da yamma. Har jami'o'in su kan ba da hutu wata ranar Litinin, don wanda buhunsa ya yi ƙasa ya koma gida ya cika shi.

Kafin ot ya isa tukunya akwai aiki. Ƙwayarsa tana cikin ƙaiƙayi mai tauri wanda sussuka kaɗai ba ta raba su, sai an sa a injin ya ɓare shi. Bayan wannan ba a surfe shi, watau ba a cire masa dusa, da ita a ke ci. Sa'an nan ga wata matsala. Ot yana da mai a cikinsa, wajen kashi 7 cikin 100, ya fi ninki biyu na man da ke cikin alkama. A cikin ƙwayar kuma akwai wani sinadari wanda da zarar an fasa ta sai ya soma ɓata man nan, kafin 'yan kwanaki garin ya yi ɗaci, ya soma warin tsohon mai. Zafi ne ke kashe wannan sinadari. Saboda haka a kan turara tsabar, a busar da ita da zafin wuta, sa'an nan ta iya zama wata da watanni ba ta lalace ba. Wannan gashi ne ke ba ot ɗan ƙamshin nan mai kama da na soyayyar gyaɗa.

Daga nan hanya ta rabu. Wani a kan yanka ƙwayar da wuƙaƙen ƙarfe gida biyu ko uku, ta zama kamar tsaki, ko a ɓarza ta a dutse yadda mutanen Sikotlan su ka saba. Wannan shi ya fi daɗewa a wuta, sai ya yi minti 20 ko 30. Wani a kan sake turara shi ya yi laushi, a bi da shi tsakanin manyan ƙarafa biyu masu juyawa, su matse kowace ƙwaya ta baje, ta zama fale-fale. Wannan minti 5 ya ishe shi, shi ne kuwa aka fi sani. Akwai kuma na uku, wanda aka riga aka dafa, aka busar, aka matse har ya fi takarda laushi, ruwan zafi kurum a ke zuba masa. Duk hatsi ɗaya ne. Bambancinsu kauri ne, don iyakar rashin kaurin ƙwaya, iyakar saurin da ruwa ya ke ratsa ta.

A Amurka ne aikin nan ya zama babbar sana'a. Wani mutumin Jamus mai suna Ferdinand Schumacher, wanda ya zauna a garin Akron cikin jihar Ohayo, ya soma niƙa ot yana sayarwa a shekarun 1850, lokacin da yawancin maƙwabtansa ba su san a na ba mutum shi ba sai doki. A 1877 wani gidan niƙa a jihar ya yi rajistar tambarin Quaker, a 1901 kuwa gidajen niƙa da suka haɗu suka zama kamfanin Quaker Oats. Su ne suka fito da mai saurin dafuwa a 1922, da na zuba ruwan zafi a 1966. Gwangwaninsu mai hoton mutum da baƙar malafa da farin gashi ya zaga duniya, har ya iso kantunan ƙasar Hausa. Shi ya sa a kasuwa in an ce kwaka kowa ya gane, ko da na wani kamfani ne, kamar dai yadda a ke kiran kowane garin sabulu omo.

Kirfa kuwa tafiyarta ta fi ta ot nisa, labarinta kuma ya fi daɗewa. Sunan nan Larabci ne, ma'anarsa ɓawo, don ita ɓawon itace ce. Larabawa sun yi ta fataucinta tun zamanin da, suna sayar wa Yunanawa da Rumawa da tsada ƙwarai, ba su kuwa faɗin inda su ke samo ta. Herodotas, malamin tarihi na Yunanawa, wanda ya yi zamani wajen shekara 450 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rubuta labarin da aka ba shi. Wai waɗansu manyan tsuntsaye ne ke gina sheƙa da itacen kirfa a jikin duwatsu masu tsawo, inda mutum ba ya iya hawa. Sai a yanka manyan gunduwoyin nama a ajiye a ƙasa, tsuntsayen su ɗauka su kai sheƙa, nauyi ya karya ta ta faɗo, mutane su tsince kirfar. Wanda ya san halin fatake ya san amfanin wannan tatsuniya. Abin da aka ce sai da wuya a ke samunsa, ba a yi masa tayin wulakanci.

Gaskiyar magana, kirfa ta ainihi daga wani tsibiri ta ke fitowa, kudu da Indiya, wanda a da a ke kira Silon, aka sake masa suna Siri Lanka a 1972. Da Turawa suka gano haka sai suka yi ta ƙwace tsibirin daga hannun juna. Mutanen Fotugal sun iso a 1505, mutanen Holan suka gama korarsu a 1658, Ingilishi kuma suka karɓe daga hannun waɗannan a 1796, sai a 1948 mutanen tsibirin suka sami mulkin kansu. Kirfa tana cikin manyan abubuwan da suka jawo wannan kokawa.

In an bar itacen kirfa ya kan yi tsawo ya zama babbar bishiya, amma manoma ba su barinsa. In ya shekara biyu ko uku sai su sare shi kusa da ƙasa, kututturen ya yi toho da rassa da yawa miƙaƙƙu kamar sanduna. Waɗannan a ke yanka, da damina kuwa, don lokacin ne ɓawo ya ke da ruwa, ya ke saɓulewa ba gardama. Mai aikin ya kan zauna a ƙasa, ya kankare ɓawon waje mai kaushi, ya goge reshen da sandar tagulla har ɓawon ciki ya saki, sa'an nan ya tsaga shi da 'yar wuƙa ya ɓare shi a hankali. Ɓawon nan ba shi da kauri ko kaɗan. A kan jera su wani cikin wani, a cika cikin da ƙanana, har a sami sanda mai tsawon inci 42. Sai a shanya a inuwa 'yan kwanaki, ta bushe, ta naɗe, ta yi ja-ja. Aiki ne na hannu, sai wanda ya koya.

To, amma ba duk abin da a ke sayarwa da sunan kirfa ne ya fito daga Siri Lanka ba. Akwai 'yar'uwarta da a ke nomawa a Sin, da Indonesiya, da Biyetnam, ita ce kuwa ta fi yawa a kasuwannin duniya, don ta fi araha. Gane su ba wuya in ba a daka ba. Ta Siri Lanka naɗi ne bisa naɗi kamar an naɗe takarda, launinta da haske, yatsa ma yana murƙushe ta. Ɗayar kuwa ɓawo guda ne mai kauri, ja wur zuwa baƙi-baƙi, sai an sa turmi, ta kuma fi yaji a harshe. Dalilin da ya sa ya kamata uwargida ta san wannan shi ne, mai kaurin tana da wani sinadari da a ke kira kumarin, wanda in mutum ya yi ta cinsa da yawa kullum ya kan taɓa hanta. Ta Siri Lanka ba ta da shi sai ɗan kaɗan. Wannan ba abin tsoro ba ne ga mai ɗan barbaɗawa, amma ya isa ya hana a riƙa zuba wa ƙaramin yaro cokali guda kowace safiya, don abin da jikin babba ya ke ɗauka ya fi ƙarfin jikin yaro.

Ga yadda a ke yin kunun na mutum huɗu, da ot ɗin nan fale-fale. A auna kofi 2 na ot, da kofi 4 na ruwa, da kofi ɗaya za a auna duka biyu. Ma'aunin ke nan ko da yaushe, ruwa ninki biyu na ot. In mai kamar tsaki ne sai ruwan ya zama ninki uku ko huɗu. Sa'an nan gishiri kwatan ƙaramin cokali na shayi, da garin kirfa rabin ƙaramin cokali. Wani zai yi mamakin gishiri a abin zaƙi. Kunun ot marar gishiri salam ya ke, kome yawan sukarin da aka zuba masa, ɗan gishirin nan kuwa shi ke fito da ɗanɗanon hatsin, har a ga sukari kaɗan ya isa.

Tun ot yana busasshe a ke cuɗa shi da garin kirfa. Kirfa itace ce, ba ta narkewa a ruwa kamar sukari. In an barbaɗa ta a kan ruwa sai ta yi ta yawo a sama, ta dunƙule, mai sha ya ci karo da gudajin da zai shaƙe shi. In kuwa ta riga ta manne a jikin hatsi, sai ta bazu ko'ina. Wanda ya ke da sandar kirfa ba gari ba, ya jefa guntu kamar tsawon ɗan yatsa a ruwan, ya bari ya tafasa minti 5, sa'an nan ya zuba ot, in an gama a tsame sandar. Ƙamshin kirfa wani ɗan mai ne a cikin ɓawon, yana kuwa gudu da iska da zafi. Saboda haka garin da ya daɗe a buɗe ba ya da amfani, gara a sayi sanda, a riƙa daka kaɗan kaɗan, a rufe a kwalba. Kada kuma yaro ya yi wasan haɗiye busasshen garin kirfa. Yawu ba ya jiƙa shi, ya kan bi numfashi ya shiga huhu, ya yi ɓarna mai tsanani.

Masu dafuwa sun rabu biyu wajen sa ot a tukunya. Waɗansu su kan zuba shi a ruwan sanyi su ɗora a wuta tare, kunun ya fito da laushi sumul. Waɗansu sai ruwa ya tafasa su ke zubawa, da hannu ɗaya suna yayyafawa, da ɗaya suna juyawa, ƙwayoyin su fito kowace da jikinta, a sami abin taunawa. Duka biyu daidai ne, zaɓi ne na mai sha. Abin da ba su rabu a kansa ba shi ne wuta. Da zarar tukunya ta tafaso sai a janye itace, ko a rage kan risho, a bar ta tana ɓararraka a hankali, a na juyawa har ƙasan tukunya, minti 5.

Me ya sa ruwa da hatsi su ke zama abu mai kauri? Kowa ya ga yadda a ke dama koko, gasara tana tsululu a ƙwarya, da an sheƙa mata tafasasshen ruwa sai ta kama nan take. Abin da ke faruwa a tukunyar ot ke nan, sai dai a hankali. A cikin kowace ƙwayar hatsi akwai sitaci, a dunƙule cikin 'yan ƙulle-ƙulle waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A ruwan sanyi ba su yin kome. In zafin ruwa ya kai wajen digiri 60 sai su soma shan ruwa, su kumbura, waɗansu su fashe, sitacin ya fito ya riƙe ruwan da ke kewaye da shi. Juyawa tana goga ƙwayoyin da juna, ta ƙara fito da shi. Ban da sitaci kuma, ot yana da wani abu nasa mai yauƙi, kamar na kuɓewa amma bai kai shi ba, masana suna kiransa bita-gulukan. Shi ke sa kunun ot ya yi santsi a baki, ko ba a sa masa madara ba.

Daga nan a ke gane haɗarin babbar wuta. Ruwa in yana tafasa yana yawo, na ƙasa ya hau, na sama ya sauka. Abu mai kauri ba ya iya wannan yawo, na ƙasa sai ya zauna wuri ɗaya ya ƙone, tun na sama bai nuna ba. Ƙaurin kuwa in ya tashi ya kan ratsa tukunyar duka, ba kirfar da za ta ɓoye shi. In haka ta faru kada a kankaro ƙanzon, a yi maza a juye na sama a wata tukunya. Kunu mai kauri kuma ya kan yi tsartuwa in yana tafasa, ɗigonsa yana manne wa fata, ya fi ruwan zafi ƙuna. Ƙananan yara su tsaya nesa da murhu.

Mutanen Sikotlan suna da 'yar muciyarsu ta musamman don wannan aiki, sanda ce siririya marar kai, tsawonta bai kai kamu biyu ba, tana ratsa kunu ba ta jan shi, gudaji ba ya samun wurin zama. Tsofaffinsu suna da camfi, wai da hannun dama a ke juyawa, ta inda hannun agogo ya ke bi, in ba haka ba Shaiɗan ya sami ƙofa. Tun 1994 a na yin gasar dama kunun ot kowace shekara a wani ƙauye nasu mai suna Karbirij, mutane suna zuwa daga ƙasashe dabam dabam, wanda ya ci a ba shi muciya mai ruwan zinariya. A babbar gasar ba a yarda a sa kome ba sai ot, da ruwa, da gishiri.

A kan sauke tukunya tun kunun bai kai kaurin da a ke so ba, a rufe, a bar shi minti 2, don yana ƙara kamawa in ya soma hucewa. Madara kuwa kusa da saukewa a ke zuba ta, don tana saurin kamu a ƙasan tukunya, tana kuma kumfa ta zube. In ta gari ce a dama ta da ruwa mai tsabta tukuna. In ta shanu ce sabuwar tatsa, lalle a tafasa ta, don ɗanyar madara tana iya ɗauke da cuta daga saniya zuwa mutum. Mai son kunun ya yi maiƙo ya rage kofi ɗaya na ruwa ya maye shi da madara.

Saura zaƙi, a nan kuwa a ke gyara kunun ko a ɓata shi. Dattijon Sikotlan na da, in ya ga a na zuba sukari a kunun ot sai ya kau da kai. Shi gishiri ne, da 'yar ƙwarya ta madara mai sanyi a gefe, ya ɗebo kunu a cokali ya tsoma a ciki ya kai baka. Mutanen Amurka da na Kanada su ne gwanayen zaƙi, su kan sa jan sukari, ko zabibi, ko yankakkiyar tuffa, ko wani ruwan zaƙi da su ke tatsa daga jikin itace. Jan sukarin nan ɗan'uwan mazarƙwaila ne, duka daga rake, mazarƙwaila kuwa tana tafiya da kirfa ƙwarai. Dabara ita ce kada a zuba sukari a tukunya. A bari sai an raba a kwanoni, a barbaɗa ƙaramin cokali ɗaya a saman kowane. Harshe shi zai fara tararwa, sai ya ji zaƙi sosai, alhali da a ciki aka dama da cokali biyu ma ya ɓace. Ƙamshin kirfa kuma yana taimako, don ya kan sa a ji abu kamar ya fi yadda ya ke zaƙi.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa ya fi kyau sukarin da babban mutum zai sha a yini kada ya wuce wajen giram 25, watau ƙaramin cokali 6, a haɗa da na shayi da na lemon kwalba da na alewa. Zuma ma cikin lissafin ta ke. To, waɗansu 'yan fakitin ot da a ke sayarwa an riga an haɗa su da sukari da kirfa, ɗaya kan ɗauki kusan cokali 3. Rabin rabon yini ke nan ya tafi tun ba a fita gida ba. Wanda ya yanka dabino uku ko huɗu ƙanana ƙanana ya dafa su tare da ot, ko ya murƙushe nunanniyar ayaba a ciki, ba ya bukatar sukari ko kaɗan. Jaririn da bai cika shekara ɗaya ba kuwa ba a ba shi zuma, ko a kunu ko a waninsa, don wata ƙwayar cuta da a kan samu a cikinta wadda hanjinsa bai yi ƙarfin yaƙi da ita ba tukuna.

Amfanin kunun ot ga ɗan makaranta shi ne riƙe ciki. Yauƙin nan nasa ya kan sa abinci ya daɗe a ciki, ya riƙa shiga jini kaɗan kaɗan, yaro ya kai tsakar rana hankalinsa yana kan allo. Mai kamar tsaki ya fi kowane riƙewa, fale-fale yana biye. Na zuba ruwan zafi kuwa, tun da an riga an yi masa rabin aikin da ciki zai yi, in an haɗa shi da sukari mai yawa sai ya shige da sauri, kafin hantsi ya yi sosai yunwa ta dawo, hamma ta tashi a aji. Ga manya kuma akwai wani amfani. A 1997 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a rubuta a jikin kwalin ot cewa giram 3 na bita-gulukan a yini yana taimakon rage wani kitse na jini da a ke kira kolestarol, wanda yawansa ke jawo ciwon zuciya. Kwano ɗaya na kunu yana ba da wajen rabin wannan. Kirfa kuwa an yi ta yi mata kirarin magani, amma a wannan kunu aikinta ƙamshi ne. Mai ciwon sukari kada ya bar maganin asibiti don ya sami kirfa.

Da ya ke ot daga hayin teku ya ke zuwa, a kasuwar ƙasar Hausa yana da tsada, kuɗin gwangwani ɗaya ya sayi gero mai yawa. Gidan da ba su iya saye ba su yi wata hasara ba. Kunun tsakin gero wanda ba a cika surfe shi ba, in an sa masa gyaɗa ko madara, yana riƙe cikin yaro har a tashi makaranta, kirfar nan kuwa tana shiga cikinsa daidai, kusa da citta da kanumfari.

In kunun ot ya ragu ba a zubarwa. Ya kan daskare ya zama kamar tuwo, don sitacin da ya kumbura ya kan kama juna in ya yi sanyi. A waɗansu gidajen manoma na Sikotlan, a zamanin da, da gangan a ke dama shi da yawa, a juye a cikin aljihun tebur na katako, ya kwana ya sandare, a riƙa yanka gunduwa gunduwa a na tafiya da shi gona. Sanyin ƙasarsu ne ya yarda musu da haka. A ƙasar zafi, musamman in da madara a ciki, kafin yamma ya yi tsami, sai dai a sa shi a firiji a rufe, da safe a ƙara masa ɗan ruwa a mai da shi wuta har ya tafasa. Tukunyar kuwa da an kwashe a cika ta da ruwa a ajiye. Kafin a gama sha abin da ya manne ya saki da kansa, in kuwa aka bar shi ya bushe, sai an sa soson ƙarfe.